Daga Tauraruwa Mai Wutsiya Zuwa 'Yankuzo: Ina Labarin Kimiyya, So Da Amana Ya Maƙale?

Mai karatu, in ka ɗauko kalandar shekarar 1969 ka duba, za ka tarar da abubuwa uku da suka faru a cikinta waɗanda a ido babu abin da ya haɗa su. Na farko, yaƙin basasar Nijeriya, wanda ya ɓarke a watan Yuli na 1967, yana kan ganiyarsa. Samarin Arewa na can a dazuzzukan Gabas, iyaye da matan aure da 'yan mata sun kasa kunne ga rediyo. Na biyu, ran 20 ga Yuli Amurkawa suka sauke mutum a kan wata. Na uku, wanda shi ne ya dame mu a nan, kamfanin buga littattafai na NNPC da ke Zariya ya fito da wani ɗan ƙaramin littafi na Umaru Dembo mai suna Tauraruwa Mai Wutsiya, wanda manazarta adabi ke ɗauka a matsayin ƙagaggen labarin kimiyya na farko da aka buga da Hausa.

Sunan kansa ma abin dubawa ne. Kowa ya san kirarin da Bahaushe ke yi wa wannan tauraruwa, cewa ganinta ba alheri ba ne. In ta fito sai tsofaffi su ce wani babba zai faɗi, ko yaƙi na tafe, ko yunwa. A watan Oktoba na 1965 wata irinta ta bayyana, wadda masana suka raɗa wa suna Ikeya-Seki saboda Japanawa biyu da suka fara hango ta, haskenta kuwa ya kai har da rana tsaka an gan ta a wasu ƙasashe. Ba a cika wata uku ba aka kashe Sardauna da Tafawa Ɓalewa a juyin mulkin 15 ga Janairu, 1966. Ka ga ke nan duk wanda ya ga wannan suna a bangon littafi a 1969, ba abin daɗi zai fara faɗo masa a rai ba. Sai Dembo ya ɗauki abin da ake jin tsoro ya mai da shi ƙofar tafiya: yaro ne mai suna Kilba ya haɗu da wani baƙo daga sararin samaniya, Kolin Koliyo, ya ɗauke shi a jirginsa suka shiga yawon buɗe ido.

Kada ka ce ai abin ya yi wa Bahaushen wancan zamani nisa. A farkon shekarun 1960 hukumar NASA ta Amurka tana da tashar bin sawun kumbo a Kano. Ranar 20 ga Fabrairu, 1962, da John Glenn ya kewaya duniya sau uku, ya yi magana da wannan tasha, har ya shaida masu yana hango ƙura ta turnuƙe ƙasa, wato dai hazon hunturun nan namu da muka sani. Saboda haka zancen 'yan sama jannati ya riga littafin Dembo shiga kunnuwan mutane.

To amma littafin na yara ne da matasa. Jigonsa kasada ce da wayar da kai. Bai ɗauko yaƙin da ake yi a lokacin ya sa a gaba ba, bai kuma ɗauko soyayya ba. Ya dai buɗe ƙofa. Tarihin da nake so mu bi shi ne na yadda aka bar ƙofar nan a buɗe, marubutanmu na wucewa ta gabanta, waɗansu ɗauke da takobi, waɗansu ɗauke da wasiƙar masoya, ba su cika leƙawa ciki ba.

Kafin nan bari in nuna maka abin da irin wannan littafi ke iya yi in aka haɗa masa kayan miyarsa. A shekarar nan dai ta 1969, wani saurayi Ba'amurke mai suna Joe Haldeman ya koma gida daga yaƙin Biyetnam da raunuka a jiki. Digirinsa a kan kimiyyar taurari yake. A 1974 ya fito da littafin The Forever War, wato yaƙin da ba ya ƙarewa. Labarin wani soja ne, William Mandella, da masoyiyarsa Marygay, ita ma soja, da aka tura su yaƙi da wasu halittu a can nesa cikin taurari. Ga inda kimiyyar ta shigo: tun zamanin Einstein masana sun tabbatar cewa duk abin da ke gudu kusa da gudun haske, wato kimanin kilomita 300,000 a daƙiƙa guda, lokaci na tafiya masa a hankali fiye da wanda ke zaune wuri ɗaya. Sai ya zama soja ya tafi fagen fama ya yi abin da a jikinsa bai wuce shekara biyu ba, ya dawo ya iske an yi shekara ashirin da wani abu a gida. Uwa ta tsufa, kuɗi sun sake, magana ta sake, ba wanda ya damu da yaƙin da ya je ya yi. Kusan irin halin da As'habul Kahfi suka sami kansu da suka farka suka aiki ɗayansu kasuwa da tsohon kuɗi.

Da manyan soja suka raba Mandella da Marygay, aka tura kowa rundunarsa, sun san rabuwar ke nan har abada, don ko duk sun tsira, ɗaruruwan shekaru za su shiga tsakaninsu. Yaƙin ya ci fiye da shekara dubu, daga ƙarshe aka gane rashin fahimtar juna ne ya haddasa shi tun farko. Ita kuwa Marygay me ta yi? Ta shiga wani kumbo da ke kai da komo da gudun tsiya, don kawai shekarunta su riƙa tafiya a hankali, ta jira shi, ta kuma bar masa wasiƙa a cikin fayil ɗinsa na soja tana gaya masa inda zai same ta. Sunan matar Haldeman na gaske Mary Gay. Mutumin nan yaƙin Biyetnam ya rubuta, da baƙuntar da tsohon soja ke ji a garinsu, amma ya kai labarin cikin taurari don a iya sauraronsa ba tare da an fara rigimar siyasa ba. Wannan ita ce babbar dabarar labarin kimiyya: a nisanta abu don a gan shi da kyau.

Mu dawo gida. Yaƙi ba baƙo ba ne a ƙagaggun labaranmu. Cikin littattafai biyar da suka fito daga gasar da Rupert East ya shirya a 1933 akwai Ganɗoki na Bello Kagara, wanda ya fara da yaƙin gaske, na Turawa da su Nagwamatse na Kwantagora, amma da tafiya ta yi tafiya sai ya zarce ƙasar aljannu. Ka lura da wannan, don tun daga ranar aka shata hanya: in marubucin Hausa ya ƙure wa duniyar zahiri, aljani yake kira.

A farkon shekarun 1950 sai ga Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa, da dokinsa Kwalele, wanda har gobe sunansa ke bakin mutane. A ganina wannan ne littafinmu na farko da ya kama zancen amana a lokacin yaƙi da hannu biyu. Asalin labarin na Rashawa ne, na jaruminsu Iliya Muromets. Sarki Waldima shi ne Vladimir, birnin Kib kuwa shi ne Kiev, babban birnin Yukren, wanda Rasha ta kai wa hari a 2022. A tsohon labarin, sarkin da jarumi ya yi wa bauta shi ne ya jefa shi kurkuku, sai da abokan gaba suka kewaye gari aka tuna da shi, ya kuma fito ya kare garin. Tambayar da ke ciki mai nauyi ce: wa kake bi da amana, sarkin da ya wulaƙanta ka ko talakawan da ke bayan ganuwa?

Yaƙin basasa kuwa sai da ya yi shekara goma sha biyu da ƙarewa kafin ya sami littafin da ya dace da shi. Mawaƙa irin su Mamman Shata sun yi wa sojoji waƙa tun ana cikin yi, amma a zube sai a 1982 Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare ya fito, daga gasar da Ma'aikatar Al'adu ta Tarayya ta shirya. Labarin Mailoma ne, ɗan Maguzawa, da abin da ke faruwa in an gama yaƙi, an bar mutanen da suka saba da jini da makamai ba a san yadda za a yi da su ba. Duk mutumin Zamfara da ya sake karanta littafin nan bayan 2011, sai ya ajiye shi ya yi shiru.

Ita kuma soyayya ta wata ƙofar ta shigo, kuma Gusau na da rabo a ciki. A 1980 NNPC ta buga So Aljannar Duniya na Hajiya Hafsat Abdulwaheed, littafin zube na farko da aka buga na mace da Hausa. Haifaffiyar Kano ce, amma ta yi shekaru masu yawa a Gusau, har ta nemi tsayawa takarar gwamnan Zamfara a 2003. Labarin Boɗaɗo ne, 'yar Fulani da ta ce sai Yasir, wanda ba jininsu ba ne, dangi suka ce ba su san zancen ba. Nan ma zancen amana ne, tsakanin jini da zuciya. Amma da aka zo neman babbar abokiyar gaba da za ta gwada ƙarfin son, wa aka kira? Aljana. Daga nan sai ambaliyar adabin kasuwar Kano: su Balaraba Ramat Yakubu, su Ado Ahmad Gidan Dabino da In Da So Da Ƙauna, su Bilkisu Funtuwa. Maƙiyin masoya a nan shi ne auren dole, da kishiya, da talauci, da boka. A gefe guda kuma aka sami littattafan yaƙi irin na Abdul'aziz Sani Madakin Gini, masu sadaukai da takubba da matsafa da sarakunan aljannu, waɗanda samari ke haya a shago su kwana suna karantawa. Akwai so a cikinsu, akwai yaƙi, akwai cin amana tuli. Na'ura ce babu.

Me ya sa aljani ya kayar da na'ura? Dalilan ba su da wuyar gani. Aljani ɗan gida ne. Tun daga tatsuniyar kaka da Dare Dubu Da Ɗaya mai karatu ya san shi, ba sai an yi masa dogon bayani ba. Kuma ba ya cin kuɗi. Da harkar fim ɗin bidiyo ta kankama a Kano daga 1990, ɓacewa da bayyana abu ne da mai tace hoto zai yi da yanka ɗaya, alhali kumbo ko mutum-mutumi sai an kashe abin da ya fi kuɗin fim ɗin gaba ɗaya. Ga kuma yadda aka koyar da kimiyya a makarantunmu da Turanci zalla, ta zama abin haddacewa don jarrabawa, ba ta sauko cikin harshen da mutum ke mafarki da shi ba.

Sai dai akwai abin da aka yi asara, kuma shi ne zuciyar wannan magana. In aljani ya raba masoya, ba wanda za ka tuhuma. Sai a nemi malami, a yi addu'a, a jira. In kuwa na'ura ce ta raba su, dole mai karatu ya tambaya: wa ya ƙera ta? Wa ya biya kuɗin? Umarnin wa take bi? Wa ya ci riba? Masu kallon finafinan Indiya sun ga misalin wannan a fim ɗin Rajinikanth na 2010, Enthiran, wanda aka fi sani da Robot. Masani ya ƙera Chitti don ya yi wa rundunar sojan Indiya aiki, ya sa masa zuciya irin ta mutum, sai ga Chitti ya kamu da son budurwar maigidansa, Aishwarya Rai ke nan a fim ɗin. Da maigidan ya farfasa shi ya zubar a juji, wani maƙiyi ya tsince shi ya sake masa ƙwaƙwalwa. Duk ɓarnar da ta biyo baya akwai hannun ɗan Adam a kowane mataki. Jama'armu sun kalli fim ɗin nan sun more, wanda ke nuna cewa matsalar ba daga masu kallo take ba.

Da muka yi jinkiri, wasu sun rubuta mana da Turanci. A 2019 Tochi Onyebuchi ya fito da War Girls, inda ya kai yaƙin Biyafara shekarar 2172, da 'yan mata biyu da suka tashi a matsayin ya da ƙanwa, yaƙi ya jefa su ɓangarori biyu masu gaba da juna. A 2021 kuma Nnedi Okorafor, wadda aka haifa a Amurka, iyayenta Inyamurai, ta fito da Noor, wanda ya fi kusa da mu. Wata mata ce da aka sauya wa sassan jiki da na ƙarfe, ta gudo Arewa bayan ta kashe mutanen da suka far mata a kasuwa, ta haɗu da wani makiyayi Bafulatani da aka karkashe wa shanu aka kuma laƙaba masa ta'addanci. Hotunan bidiyonsu sun bazu, ana farautarsu, so ya shiga tsakani, wani ƙaton kamfani kuma na can yana juya kowa. Littafi ne mai kyau, ta kuma yi wa makiyayi adalcin da ba kasafai ake yi masa a jaridun Kudu ba. Amma ido ne na baƙo. Manomin da sai ya biya haraji kafin ya girbe gerons da ya shuka da hannunsa, ba shi ne a tsakiyar labarin ba.

Wannan manomin kuwa yana nan a ƙasar Tsafe, kuma a nan ne 'Yankuzo ta shigo zancenmu. Gari ne na manoma a ƙaramar hukumar Tsafe, wadda ta yi iyaka da Jihar Katsina, amma abin takaici, yawancin 'yan Nijeriya sun fara jin sunansa ne a jikin sunan wani ɗan bindiga. A 2020 'yan sandan Katsina suka sa ladan naira miliyan 5 a kan Adamu Aleru 'Yankuzo, wanda aka fi sani da Ado Aleru, bayan harin da aka kai Kadisau ta ƙasar Faskari. A watan Yuli na 2022 sai ga shi an naɗa shi Sarkin Fulani a masarautar 'Yandoton Daji, da hujjar neman sulhu. Ƙasa ta ɗauki zafi, gwamnatin Bello Matawalle ta dakatar da sarkin da ya yi naɗin. A watan nan dai BBC ta saki fim ɗin gaskiya na Yusuf Anka a kan 'yan bindigar Zamfara, da Ado Aleru a ciki yana magana da bakinsa. Trust TV ma ta yi nata tun kafin nan. Hukumar NBC ta ci tarar Trust TV da wasu kamfanonin talbijin naira miliyan 5 kowanne. Ka ga amfanin dabarar Haldeman ke nan: abin da aka ci tarar mai kyamara a kansa, marubucin da ya kai labarinsa shekara ɗari gaba zai faɗe shi ya kwana lafiya.

Ba yau ƙasar nan ta fara ganin irin wannan tsaka mai wuya ba. Tsohuwar 'Yandoto, wadda Sarkin Tsafe ke ɗauke da sunanta a sarautarsa, gari ne na malamai da ya shahara tun kafin jihadi. Da Shehu Usmanu ya yi kira, malaman garin suka rabu: waɗansu suka bi shi, cikinsu har da gidan su Malam Sambo ɗan Ashafa wanda ya kafa Gusau, waɗansu suka tsaya a kan tsohuwar biyayyarsu ga Katsina. Wajen 1806 Muhammadu Bello ya ci garin da yaƙi, kuma masana tarihi sun daɗe suna muhawara a kan abin da ya sami littattafan malamansa. Malami da ɗalibinsa, suruki da surukinsa, kowa ya zaɓi ɓangare, kowa kuma yana ganin shi ne mai riƙon amana.

Haka abin ya sake dawowa a wannan rikici. Hausawa da Fulanin yankin sun yi auratayya shekaru aru-aru. Akwai gidan da uba Bahaushe ne uwa Bafulatana, ɗa ya shiga 'yan sa-kai, ɗan kawunsa na daji. Garin da ya yi sulhu don a bar shi ya yi noma, maƙwabta na kiransa maci amana. Wanda ya ƙi, ya kwana a daji. Kalmar infoma ta zama abin da in aka jefi mutum da ita, ba lalle ya ga gobe ba, ko da gaskiya ko da ƙazafi. Yarinyar da aka sa wa rana, aka sace angon, ko ita aka sace ta dawo bayan wata shida, wane ne zai jira wani, kuma har yaushe? Marygay ba ta fuskanci abin da ya fi wannan ba.

Na'urar kuma ba sai an ƙirƙiro ta ba, ta riga ta iso. A watan Maris na 2021, bayan sace 'yan matan makarantar Jangebe su 279, Gwamnatin Tarayya ta hana jirage shawagi a samaniyar Zamfara in ba na soja ba. A Yulin shekarar jiragen yaƙi samfurin Super Tucano suka fara isowa daga Amurka. Ga jirage marasa matuƙi, ga 'yan bindiga da suka riƙa nuna damin kuɗi a TikTok. Amma babbar na'urar wannan yaƙi ita ce 'yar wayar da ke aljihunka. Da ita saurayi ke hira da budurwarsa da dare, da ita ake cinikin kuɗin fansa, da ita infoma ke cewa ga motar nan ta taso, da ita kuma ake yi wa ƙauye gargaɗi cewa ga babura nan tafe. Abu ɗaya, aiki huɗu, ya danganta da hannun da ke riƙe da shi.

Shi ya sa a farkon Satumba na 2021 hukuma ta yi abin da ko a littafi aka rubuta sai a ce marubucin ya cika ƙari: ta kashe layukan waya na jihar baki ɗaya. Aka rufe kasuwannin mako, aka hana sayar da fetur a jarka, aka taƙaita hawan babur. Gusau ta sami sabis bayan kimanin wata guda, sauran wurare suka ci gaba da zama a rufe har wajen ƙarshen Nuwamba. Mutanen da suka saba tura kuɗi da gaisuwa cikin daƙiƙa suka wayi gari kamar an mai da su 1969. Mai son ya ji muryar ɗansa sai ya hau mota ya tsallaka wata jiha, a kan hanyar da ita kanta abin tsoro ce, sannan wasu ƙananan hukumomin Katsina da ke maƙwabtaka, har da Funtuwa, su ma aka yanke nasu. Waɗanda ba su da halin tafiya suka koma ga takarda da biro, a rubuta wasiƙa a kai tasha, a damƙa wa direba, a ce don Allah in ka isa ka ba wane.